Tayar gudu ko ta yau da kullum: wacce ta fi kama titi idan ruwa ya kwanta?

Jiya da daddare wani ɗan'uwa ya yi tambaya, na ga ana ta ba shi amsa a gutsuttsure, shi ne na ce bari in zauna in rubuta tawa a tsanake. Yana da Mercedes C300 'yar Kwatano, tayoyinta sun kusa ƙarewa, damina ta kankama, kuma kusan duk mako sai ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja. Mai sayar da taya ya nuna masa iri biyu, ɗaya ta motocin gudu, ɗaya ta yau da kullum, har ya ba shi shawarar ya canza rim daga inci 17 zuwa 19 don motar ta ƙara kyau. Sai abokinsa ya ce masa kul, tayar gudu ba ta shiri da ruwa, santsi take yi. Shi ne yake son sanin wanda zai bi.

Malam, maganar abokinka akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Titin da ya jiƙe daban, titin da ruwa ya kwanta a kai daban. Abin da ke sa taya ta yi kyau a na farko ba shi ne ke cetonta a na biyu ba, kuma daga nan ne rigimar take tasowa.

Mu fara da jiƙaƙƙen titi, wato an yi ruwa, kwalta tana sheƙi amma ba kududdufi. A nan robar taya ce ke aiki. Tayoyin gudu na kan titi irin su Michelin Pilot Sport 5, da Continental SportContact 7, da Goodyear Eagle F1 Asymmetric 6 ana haɗa robarsu da sinadarin silika mai yawa, wanda ke sa ta yi laushi ta cusa kanta cikin ƙananan gargadar kwalta ko da akwai danshi. Tun 1992 Michelin ta fito da tayar silika kasuwa, yau kusan duk manyan kamfanoni da shi suke aiki. Idan ka taka birki a jiƙaƙƙen titi, irin waɗannan tayoyi suna sahun gaba wajen tsayawa da wuri. A kwana ma haka. Saboda haka a wannan fagen abokinka bai yi daidai ba.

Kana iya dubawa da idonka. Sabuwar tayar da aka yi don kasuwar Turai tana zuwa da takarda manne a jikinta, doka ce tun Nuwamban 2012. A jiki akwai hoton taya da gajimare yana zubar da ruwa, kusa da shi harafi. Da can daga A zuwa G ne, daga Mayun 2021 aka mayar da shi A zuwa E. A tsohon ma'aunin, tazarar tsayawa tsakanin mai A da mafi rauni tana iya kaiwa mita 18 idan an taka birki a gudun kilomita 80, wajen tsawon motoci huɗu ke nan a jere. Galibin tayoyin gudu na manyan kamfanoni A suke samu. To amma kada in cuce ka, tayar yau da kullum mai daraja, irin Michelin Primacy 4 ko Continental PremiumContact 7, ita ma A ko B take samu. Ratar da ke tsakaninsu kaɗan ce. Babbar rata tana tsakanin duk su biyun da tayar nan mai arha wadda sunanta ma ba ka iya furtawa.

Ga inda takardar ba ta faɗa maka komai: gwajin da ake ba da harafin nan a kan ruwa mai zurfin kusan milimita 1 ake yin sa. Ruwan da ke kwanciya a sawun da tireloli suka lotsa a manyan hanyoyinmu cikin watan Agusta ya ninka haka sau da yawa. Harafin AA ko A da ake bugawa a gefen tayoyin kasuwar Amurka shi ma birki a jiƙaƙƙen titi yake aunawa kawai, ba ruwansa da ruwa kwance.

Idan ruwa ya kwanta, lissafi ya canza gaba ɗaya. Inda kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannunka ba. A gudun kilomita 100 motarka tana cin wajen mita 28 a daƙiƙa guda, wato tayar ba ta da ko kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa da za ta kori ruwan da ke gabanta kafin ta taka wurin. Tsagogin da ke jikinta su ne magudanan da ruwan ke bi ya fita. Kamfanin Continental ya ce sabuwar taya tana iya korar ruwa har lita 30 a daƙiƙa a gudun kilomita 80, fiye da jarkar 'yan garuwa guda. Da zarar ruwan ya fi ƙarfin magudanan, sai ya taru a gaba, ya kutsa ƙarƙashi, ya ɗaga tayar. A lokacin motarka kwalekwale ce, birki da sitiyari duk ba su da abin kamawa. Ingancin roba ba ya amfana komai tunda robar ba ta taɓa kwalta. Abu huɗu ne ke yanke hukunci: zurfin tsaga, faɗin taya, iskar da ke ciki, da gudunka.

A nan ne tayar gudu ke iya zama baya, kuma yawanci ba don sunanta ba, don faɗinta. Taya mai faɗin 245 ko 255 tana turo ruwa da yawa a gabanta, kuma ruwan tsakiya yana da nisan tafiya kafin ya fita gefe. Mai faɗin 205 ko 225 yankan ruwan take yi kamar wuƙa. Masu ƙera tayoyin gudu sun san da haka, shi ya sa suke yi musu manyan tsagogi uku ko huɗu masu zagaye tayar, kuma idan faɗinsu ɗaya da ta yau da kullum, zurfinsu ɗaya, ba su cika bambanta sosai ba. Amma shawarar komawa inci 19 da ƙarin faɗi, wannan kam ban goyi baya ba. Za ka fi saurin tashi kan ruwa, ga gefen tayar ya zama siriri, rami ɗaya da ruwa ya ɓoye ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa maka rim. Kyan mota a bakin masallacin Juma'a ba zai biya ka kuɗin rim ba.

Akwai iri na uku, kuma ina zaton su abokinka ya ji labari. Su ne tayoyin da aka yi don filin tsere amma doka ta yarda a hau titi da su, kamar Michelin Pilot Sport Cup 2, da Pirelli P Zero Trofeo R, da Toyo R888R. Kana ganinsu za ka gane: kafaɗarsu ta waje kusan sumul take, tsagogin kaɗan ne, kuma tun suna sababbi ba su kai na sauran zurfi ba. A busasshen titi kamar an liƙa su da danƙo. A ruwa kwance kuwa su ne na ƙarshe. Ko a tseren Formula 1, da ruwa ya sauko cire sumul ɗin tayoyi ake yi a sa masu tsaga, kuma Pirelli ta taɓa cewa tayarta ta ruwa sosai, mai shuɗin zane a gefe, tana korar wajen lita 85 a daƙiƙa a gudun kilomita 300. Irin waɗancan na fili ba na mai bin Kaduna zuwa Abuja ba ne, a damina ko a rani.

Yanzu maganar da ta fi damuna, don ita ce ta fi shafar mu. Yawancinmu idan muka ce tayar gudu, gwanjonta muke nufi. Sabuwar taya tana zuwa da tsaga mai zurfin kusan milimita 7 zuwa 8. A Turai doka ta hana hawa da wadda ta yi ƙasa da 1.6, kuma mutane da yawa tun a milimita 3 suke cirewa. Wadda suka cire ɗin ce ake wankewa, a shafa mata mai tana ƙyalli, a ce maka ai Michelin ce. Michelin ce, ba ƙarya, amma magudananta sun cike. Sabuwar taya ta yau da kullum mai matsakaicin suna ta fi ta nesa ba kusa ba a cikin kududdufi. Tayar gudu kuma da ma ta fi saurin cinyewa saboda laushin robarta. Ka sa yatsa cikin tsagar, za ka ji wani ɗan tudu a kwance a ciki. Idan ya kusa zama daidai da saman tayar, ta gama aiki. Ka kuma nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa da shekaru, balle a zafinmu. Wadda ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a gefenta, yawanci tayar hunturun Turai ce, tsagarta za ta burge ka, amma a kwaltarmu mai zafi birkinta ya fi tsawo.

Iska ma tana da nata. A 1963 masu bincike na hukumar NASA ta Amurka sun fitar da lissafi kan tayoyin jiragen sama, wanda ya nuna gudun da taya ke tashi kan ruwa mai zurfi yana bin ƙarfin iskar da ke cikinta. Idan aka ɗora lissafin a kan taya mai iska 32, yana ba da kusan kilomita 94. Mai 24 kuwa kusan 82. Ba ma'auni ne na mota kai tsaye ba, kuma taya tana fara rasa kamu tun kafin nan, amma ya nuna illar yawo da sassauƙar taya. Wannan ba lasisi ba ne na barin mai faci ya ɗura maka 50 yana bugun tayar da ƙarfe yana cewa yanzu ta yi. Abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba shi za ka bi, kuma da safe kafin taya ta ɗau zafi.

Ka tsaya a kansa lokacin da yake ɗaurawa. Taya mai zane kamar kan kibiya tana da alamar inda za ta juya, idan aka juya ta baibai ruwan ciki take tarawa maimakon fitarwa. Wasu kuma an rubuta gefen da zai kalli waje. Idan guda biyu kawai aljihu ya iya, sababbin baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja. Gaba idan ya sulɓe kana ji a hannunka ka sassauta. Baya idan ya sulɓe juyawa motar take yi.

Ni ya taɓa faruwa da ni tsakanin Zariya da Kano, wata la'asar ta Agusta, da tayoyin gwanjo masu faɗi da nake ta alfahari da sunansu. Ina cikin sawun manyan motoci a wajen kilomita 100, sai ƙarar titi ta ɗauke, na ji shuuu kawai a ƙarƙashina, sitiyari ya yi sakayau kamar an cire shi daga jikin motar. Allah ya taimake ni ban taka birki ba. Na ɗaga ƙafa daga totur a hankali, na riƙe sitiyari a miƙe, bayan kamar daƙiƙa biyu na ji tayoyin sun sake cafkar kwalta. Da na tsaya shan mai a gaba sai da na zauna na ɗan lokaci, ƙafata tana rawa. Tsagar tayoyin baya, da na sa yatsa, ɗan tudun nan na ji daidai da sama.

To ga zaɓina a motarka, Malam. Ka bar rim ɗinka na inci 17 da girman tayar da kamfani ya rubuta. Idan kuɗi sun isa sabuwar tayar gudu ta kan titi mai harafin A, saya, za ka ji daɗin birkinta a ruwa, ka dai san za ta riga ɗayar ƙarewa. Idan ba su isa ba, sabuwar ta yau da kullum mai A ko B ta wadatar, ta fi shiru, ta fi daɗewa. Gwanjon tayar gudu kuwa ka bar wa mai shi. Kuma ko wacce ka ɗaura, idan ka hango motar gabanka ta daina barin sawun taya a kan ruwa, sawun yana rufewa nan take, ka sauko ƙasa da 70 ka fita daga layin da tireloli suka lotsa.