Wasiƙa daga Riyad: Albashin Malamin Turanci da Inda Yake Tafiya

Ƙanena, assalamu alaikum. Ya jikin Hajiya, ya yara da makaranta? Na saurari saƙonka, har da maganar sayar da filin nan na Rijiyar Zaki don ka biya ejan ya nema maka aikin koyar da Turanci a Saudiyya. Don Allah kada ka sayar. Abokanka malamai ma sun sha yi min irin tambayoyinka, shi ya sa na zauna na rubuta amsa a tsanake, ka tura wa duk mai bukata.

Kuɗi dai akwai, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da ya fi yawan albashin daɗi shi ne tsayuwar riyal wuri guda. Tun 1986 aka ɗaure shi da dala, riyal 3.75 kan dala ɗaya, har yau bai motsa ba, kuma gwamnati ba ta cire haraji daga albashi. Kai da ka ga yadda albashinka ya zube a 2023, lokacin da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira, ka fi kowa sanin darajar hakan. Mafi ƙarancin albashi a Kano ya koma naira 71,000 a 2024, kuma ni da kai mun san makarantun kuɗi da yawa ko shi ba sa biya. A nan, abin da na ajiye bara yana nan da ƙimarsa bana.

Sai dai ga abin da ejan ba zai faɗa maka ba: a wannan sana'a, fasfo ake fara dubawa kafin digiri. Koriya ta Kudu ta rubuta shi a doka, bizar malamin Turanci ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. A nan Saudiyya ƙofa ba ta rufe haka ba, amma bambancin yana fitowa a takardar albashi. Kamfanin da ya ɗauke ni yana samar wa wata jami'a malaman shekarar share fage, inda sababbin ɗalibai ke ƙarfafa Turanci kafin su shiga likitanci ko injiniya. Akwai wanda muke koyar da littafi ɗaya, sa'o'i ɗaya, ni ke da digiri na biyu shi ba shi da shi, amma yana ɗaukar kusan ninkin nawa saboda inda aka haife shi. Abin yana min ciwo har yanzu. Mun yi karatu da Turanci tun daga firamare har Jami'ar Bayero, mun san wahalar koyon sa, kuma wallahi ɗalibin da ke fama da nahawu ya fi gane bayanin wanda shi ma ya taɓa famar.

To yanzu kashewa. Gida ne ke cin kaso mafi girma. Haya a Riyad ba wata-wata aka saba biya ba, yawanci shekara ko wata shida ake ba da shi dunƙule, a yi rajistar yarjejeniyar a manhajar Ejar. Idan kwantiraginka bai ƙunshi gida ko kuɗin gida ba, to ka ɗauka albashin da aka rubuta ba shi ne naka ba. Mu uku muka haɗa muka kama gida a kudancin gari, can ya fi arewa sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi saura burge ni shi ne wuta. Ba janareta, ba neman inda za a yi cajin waya, ba jiran dare don a yi guga. Zafin Riyad a watan Yuli ya fi na Kano a watan Afrilu, amma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki dare da rana, sai dai kuɗin wutar ya hau a watannin zafi. Litar mai ta tsaya a riyal 2.18 tun 2021. Jirgin ƙasa na cikin gari da aka buɗe a ƙarshen 2024 riyal 4 ne, ka yi ta hawa har awa biyu, yana zuwa a kan lokacinsa. Sabunta takardu kuma a waya ake yi ta manhajar gwamnati mai suna Absher, babu wanda za ka ce wa ranka ya daɗe kafin ya sa hannu. Inshorar lafiya wajibi ce a kan wanda ya ɗauke ka aiki, kodayake hawa-hawa ce, asibitin da katina ke shiga ba shi ne na manajoji ba.

Abinci kuwa, burodin Larabawa riyal ɗaya ne, kaza da shinkafa da madara ba su da tsada idan da kanka kake girki. Amma duk abin da ka saya akwai harajin kashi 15 cikin ɗari a kansa tun 2020. Naman rago yana da tsada, kuma wanda talaka ke iya saya mai ƙanƙara ne, bai kama ƙafar na mahautanmu ba. Gero da kuka da daddawa sai an bi ta hannun 'yan uwanmu na Jidda da Makka, a kan farashin da idan na faɗa wa 'yan Dawanau ba za su yarda ba. Ɗinki ma haka: a Kano ka yanko shadda a Kantin Kwari, telanka ya san jikinka, ya yi maka aikin hannu. Nan duk aikin da ɗan Adam zai yi maka da hannunsa kuɗi ne mai nauyi.

Maganar iyali ita ce ta fi min zafi, kuma ita nake so ka yi wa dogon tunani. Baƙo yana biyan riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, wato takardar izinin zama. Matarka da yaranka uku, riyal 1,600 ke nan a wata, 19,200 a shekara, ba a zo maganar kuɗin makaranta da babban gida ba. Shi ya sa matata da yara suke Gwammaja ni ina nan. Ribar da kake gani ina turowa, da zaman kaɗaici nake sayen ta. Autana ya fara tafiya, a waya na gani. Abin da ke sanyaya min rai shi ne Umara: a ƙarshen mako sai in hau mota zuwa Makka, ibadar da mutanenmu ke tara kuɗin shekaru kafin su samu.

Gaba fa? Aikin kwantiragi ne na shekara-shekara. Babu fansho, sai kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Tsarin Nitaqat da aka fara a 2011 yana tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, kuma matasansu suna ta dawowa daga waje da digirin Turanci. Bukata tana nan, tunda daga 2021 an fara koyar da Turanci tun ajin farko na firamare, amma ba mu aka tanadar wa kujerun ba. Lasin a gidajen mutane kuma, irin wanda kake yi da yamma a Kano, laifi ne a nan, yana iya jawo tara da kora. Waɗanda na ga sun ci gaba su ne suka zama masu tsara manhaja ko jarrabawa, ko suka tara kuɗi suka yi digiri na uku, ko suka koma gida suka buɗe makaranta. Ni na ƙarshen nake nufi, in sha Allahu.

Idan har yanzu kana da niyya, ka fara kammala digirinka na biyu. Ka yi CELTA ta Kambirij, kwas ne na koyar da Turanci na kusan awa 120, ana iya yin sa ta intanet. Ka rubuta IELTS, jarrabawar gwajin iya Turanci, ka tuntuɓi British Council su yi maka bayani. Ka nemi aikin da kanka a shafukan makarantu, kuma kada ka yarda a shigo da kai da bizar Umara a ce za a gyara daga baya. Duk tayin da aka turo maka, ka tabbata an rubuta gida, tikitin zuwa gida duk shekara, da wanda zai biya kuɗin igama. Ka turo min shi in karanta kafin ka sa hannu.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Yayanka.