Aya, kwakwa ko waken suya: wacce za ta zauna a gurbin madara cikin haɗin 'ya'yan itace?

Ƙanwata, tun jiya na ga tambayarki, hidimar gida ce ta riƙe ni. Kin ce wata biyu ke nan da kika bar nama da madara, da farko don madara na kumbura miki ciki, daga baya kika ga gara ki koma kan abin da ƙasa ke tsirowa kawai. Yanzu kina marmarin haɗin 'ya'yan itace mai sanyi, irin wanda ake kwarara wa madarar gwangwani, kin rasa wadda za ki kama tsakanin madarar aya, ta kwakwa da ta waken suya. Duk ukun sun sha bi ta hannuna, har asarar kayan haɗi na yi a kansu. In dai haɗin 'ya'yan itace ne, kwakwa ce gaba, aya ta rufa mata baya. Waken suya ki bar shi a kofin shayi da koko.

Madarar shanu abu uku take yi a cikin kwano: tana kawo maiƙon da ke lulluɓe harshe, tana kawo ɗan zaƙi, tana kuma gina jiki. Waɗannan ukun da kika lissafa kowacce ɗaya kawai ta ɗauka ta bar biyu. Kwakwa ta ɗauki maiƙo, aya ta ɗauki zaƙi, waken suya ya ɗauki gina jiki. Shi ya sa duk wadda ta ce miki ɗaya daga ciki daidai take da madara, to ba ta gwada ta da abarba ba.

Bari in fara da waken suya, tunda shi ya taɓa ba ni kunya. Wani azumi na yi baƙi, dangin maigida, na tace madarar wake mai kauri tun hantsi, ta dahu ta huce, na yanka abarba da lemun zaƙi na juye a kai, na sa a firji. Da aka kira sallah na buɗe kwanon, sai ga ruwa tsararo a sama, ƙananan gudaji fari fat a ƙasa. Awara na haɗa ban sani ba. Ai da ma haka masu awara ke yi: su zuba ruwan tsami ko na tsamiya a madarar wake mai zafi, ta dunƙule, su tace su matse. Duk ɗan itacen da ke da tsami, abarba ne, lemo ne, mangwaron da bai gama nuna ba ne, aikin da zai yi wa madarar wake ke nan, sai dai a sanyi ya fi jan lokaci. Kwakwa da aya ba su da furotin, wato sinadarin gina jiki, mai yawan da zai dunƙule haka, don haka tsami bai cika damunsu ba.

Amma kada wannan ya sa ki raina shi. A kofi ɗaya na madarar waken suya akwai furotin kusan giram 7, madarar shanu kuma giram 8. Ta aya da ta kwakwa, in an tsinka su yadda ake sha, ko kusa ba sa zuwa nan. Ke da kika bar nama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wahalarsa dai ita ce aiki: a jiƙa ya kwana, a murje ɓawon, a markaɗa, a tace, sannan dole a tafasa shi sosai, minti 15 zuwa 20, domin ɗanyen wake na ɗauke da sinadaran da ke hana jiki narkar da furotin, zafi ne ke kashe su. Ki tsaya a kan tukunyar, kumfarsa ta fi ta madara saurin zuba. Ƙarninsa kuwa, in kika zuba wa jiƙaƙƙen waken tafasasshen ruwa kafin markaɗe yana raguwa, citta da kanumfari su ƙarasa sauran. Da ayaba, dabino ko piya yana tafiya lafiya lau, tunda babu mai tsami a cikinsu.

Kwakwa ita ce ke ba da abin da bakinki ke nema, wato wannan santsin. Ki zaɓi wadda ta ƙosa, ki girgiza ki ji ruwa na motsi a ciki, ki duba idanunta uku babu danshi ko funfuna. Mu nan arewa ba ta yi a ƙasarmu, daga bakin teku ake hauro mana da ita, irin su Badagry, saboda haka wata kafin ta iso hannunki ta jima a hanya. In kika fasa kika ji warin tsohon mai, ki haƙura da ita, babu dabinon da zai rufe wannan. Ki kankare baƙin bayan in kina son ta fito fara tas, ki yanka ƙanana, ki markaɗa da ruwa mai ɗumi kofi ɗaya kacal ga kwakwa guda. Tatar farko ita ce mai kauri, ita za ki ware wa haɗin. Ta biyu, wadda kika ƙara wa tuƙar ruwa, ki dafa shinkafa da ita. Mutanen Tailan da wannan madarar suke cin mangwaro da shinkafa mai danƙo, babu ɗigon nonon shanu a ciki.

Aibinta biyu. Man kwakwa yana daskarewa da zarar zafi ya sauka ƙasa da digiri 24, saboda haka in ta jima a firji za ki tarar maiƙon ya taru a sama ya yi tauri, ruwa na ƙasa. Ba lalacewa ta yi ba. Ki fito da ita ta ɗan sha iska, ki buga da maburgi ko ki mayar da ita blanda, za ta haɗe. Na biyu, maiƙon nata irin mai daskarewa ne kamar na man shanu, wanda likitoci ke cewa a rage. In an taɓa ce miki kitsen jininki ya hau, ki riƙa yi mata cin marmari, ba na kullum ba.

Aya kuwa tamu ce, ba sai an koya wa Bahaushiya kunun aya ba. Ba 'yar itace ba ce, saiwar wata ciyawa ce, kuma yankin Maraɗi ya yi suna wajen nomanta. Can Valencia ta ƙasar Sifaniya ma suna tatar ta su sha da sanyi, suna kiran abin horchata. Zaƙinta na Allah ne, in kin haɗa da dabino ba ki buƙatar sukari ko cokali ɗaya. Inda ta gaza shi ne jiki. Tana fitowa tsararo, in kika zuba a kan mangwaro sai ta gangare ƙasan kwano, ga farin gari da ke kwanciya a ƙasa in ta ɗan zauna. Sannan ita ce mafi saurin lalacewa a cikin ukun. A zafin Afrilu, babu wuta babu ƙanƙara, wadda aka tace da safe kafin la'asar ta fara tsami da yauƙi. Madarar wake an tafasa ta, tana ɗan jurewa. Aya ɗanya ake sha, don haka ki rege tsakuwa, ki wanke ta sau uku ko huɗu, ki markaɗa da ruwan da kika yarda da shi, kuma in injin unguwa za ki kai ki tsaya a wanke shi a gabanki, kada a markaɗa miki bayan tattasai.

Wannan farin garin da ke kwanciya sitaci ne, shi ya sa ake cewa ba a dafa kunun aya, yana kamawa ya zama kamar koko. To ni nan na sami mafita. In na ɗebi rabin madarar ayar na ɗora a wuta kaɗan ina juyawa har ta fara kama cokali, na sauke ta huce, sai ta zama kamar kastad. Wannan kaurin shi ke riƙe 'ya'yan itacen, maiƙon kwakwa kuma ya ba shi santsi.

Ga yadda nake yi wa mutum shida. Busasshiyar aya gwangwani biyu, a jiƙa ta kwana. Dabino takwas, a cire ƙwallo a jiƙa su su yi laushi. A markaɗa su tare da ɗan yankin citta da ruwa kofi uku, a tace da kyalle mai laushi. A dafa rabi kamar yadda na faɗa, ya huce sarai, a haɗa da ɗanyen rabin da tatar farko ta kwakwa ɗaya, a buga. Gishiri ɗan mitsitsi, wanda yatsa biyu za su ɗauka, yana fito da zaƙin. Mangwaro uku nunannu marasa zare, ayaba biyu, gwanda rabi. Miyar, wato haɗin madarar nan, daban, 'ya'yan itacen daban a firji, sai za a ci a haɗa. Kankana ki ba ta farantinta, ruwanta na tsinka komai. In kuma firjinki na yin ƙanƙara, ki ɓare ayabar da ta nuna har ta fara ɗigo-ɗigon baƙi, ki yanka ki daskarar, ki markaɗa da cokali uku na madarar kwakwa. Yarana har yau askirim suke ce masa.

In kina son ɗan tsami irin na kindirmo, ki nemi farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka, ba kukar miya ba. Cokali ɗaya a jiƙa a tace ya isa. A Senegal da shi da tunkuzar gyaɗa da gero suke yin ngalakh, wanda Kiristocin can ke dafawa a ƙarshen azuminsu su raba wa maƙwabta Musulmi.

Abu biyu zan ja kunnenki a kai, ko da ba ki tambaya ba. Yawancin madarar gari mai araha da ake aunawa a kasuwa, wadda za ki ga an rubuta man tsirrai a jikin buhunta, madarar shanu ce aka cire mata mai aka sa na tsirrai a gurbinsa. Sukarin madarar da ke kumbura miki ciki, laktos, yana nan daram. Farin garin da ake sa wa kofi a matsayin wanda ba madara ba shi ma sau da yawa akwai furotin ɗin madara a ciki. Ki riƙa karanta bayan leda.

Na biyun ya fi muhimmanci. Babu ɗaya cikin ukun nan, in a gida aka tace, da ke da bitamin B12, kuma zogale ko wake ba za su ba ki shi ba. Babba na buƙatar maikrogiram 2.4 a rana, hanta kuma tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa mutum kan daɗe yana jin garau kafin kasala, ƙarancin jini da jin tsuke-tsuke a tafin ƙafa su bayyana. Tunda kin bar nama, kifi, ƙwai da madara gaba ɗaya, ki je ki ga likita ya rubuta miki ƙwayarsa, musamman in kina da ciki ko kina shayarwa. Kalsiyam ma madarar gida ba ta kai ta shanu ba, wadda ke da kusan miligiram 120 a kowane mililita 100, sai ki dage da riɗi, miyar kuka da kwaɗon zogale. Jaririn da bai shekara ba kuwa, ko wacce a cikinsu ba ta zama masa madadin nonon uwa.

Ki gwada da mangwaro tukuna, shi ya fi yafiya. In miyar ta yi miki kauri da yawa bayan ta yi sanyi, ruwan cikin kwakwar da kika fasa za ki tsinka ta da shi, kada ki zubar.