Na biya kuɗin aji a Accra, kafin mu gama an rufe jarrabawar

An sha tambayata game da makarantar koyon kwamfutar nan da ke wajen shataletalen Circle a Accra, ko ta cancanci kuɗinta. Ba zan kama sunanta ba, 'yan Nima da Maamobi da muka zauna aji ɗaya sun san wadda nake nufi. Tauraro biyu na ba ta, shi ma albarkacin mutum ɗaya.

A lokacin ina riƙe da shaidar ƙwarewa ta Microsoft mai suna MCSA, na ci jarrabawa mai lamba 70-483 ta yaren rubuta manhaja na C# da mai lamba 70-486. Saura guda ɗaya, 70-487, in haye zuwa shaidar da ke sama da ita, MCSD, wadda wani kamfani ya ce da ita zai ƙara mini matsayi. A watan Oktoban 2020 na tura musu kuɗin aji gaba ɗaya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, karatun wata huɗu, Asabar da Lahadi. Matar da ke karɓar kuɗi har ta zana mini jadawali a bayan rasit: a gama tsakiyar Fabrairu, a yi bita mako biyu, sai jarrabawa.

Ashe Microsoft ta daɗe da sanar da cewa za ta rufe jarrabawoyin MCSA da MCSD da MCSE. Da farko ranar 30 ga Yunin 2020 aka sa, korona ta sa aka ɗaga zuwa 31 ga Janairun 2021. Wato ranar da suka karɓi kuɗina, wa'adin yana nan a rubuce, kuma a jadawalinsu karatun kaɗai ya zarce shi da mako biyu cur.

A cikin trotro, motar hayar nan ta Accra, na gano, ana saura kwana tara. Na buɗe waya zan kama ranar jarrabawa a Fabrairu, kalanda ta ƙi wuce Janairu. Na ɗauka intanet ne ke wasa da ni, na sake lodawa har sau uku, yaron mota yana ta miƙo hannu yana jiran kuɗinsa. A tsaye na sha kokon ranar.

Na je ofis. Mai makarantar ya ce, "Malam, ai kowa ya sani." Na ce, "Alhaji, in kowa ya sani, wa ya rubuta Fabrairu a bayan rasit ɗin nan?" Sai ya hau danna waya. To, ni ma da laifina, wanda yake rubuta manhaja bai kamata ya kasa duba shafin jarrabawarsa ba. Amma ai don kada in yi ta bin irin waɗannan abubuwa na biya su.

Na yi kasada na zauna jarrabawar kafin wa'adi, da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na darasi ba a taɓa ba. Ana neman maki 700 cikin 1000, ban kai ba. Da a da ne sai in huta in sake, wannan karon ƙofa ta rufe.

Malamin ajin kuwa, Allah ya saka masa da alheri. Da kansa ya tara mu shida da abin ya shafa, ya koya mana darasin wata jarrabawar Microsoft, AZ-204 ta Azure, da daddare, bai karɓi ko sidi ɗaya ba. Ranar da aka ɗauke wuta, da fitilar waya ya ƙarasa darasi. Na ci wannan daga baya, kuma gaskiya ta fi amfani a wajen aiki, ga shi a lokacin duk shekara ana sabunta ta kyauta ta intanet. Har na fara tunanin ƙara musu tauraro ɗaya.

Sai na tuna ba makarantar ce ta yi wannan ba, shi ne, a lokacinsa na hutu. Su da na nemi ko rabin kuɗina, cewa suka yi za su rage mini a wani aji na gaba. Wane aji? Kuma da na koma karɓar takardar kammalawa a watan Maris, tallan MCSD ɗin yana nan manne a ƙofa, da lambar waya a ƙasa, wani yaro ɗan Madina yana tsaye yana ɗaukar hotonsa. Ni na ja shi gefe.