Tuƙi a Najeriya da tuƙi a Ingila: ba canjin hannu ne abin tsoro ba

Ɗan'uwa, ka ce ka fi shekara goma kana tuƙi a Najeriya, yanzu aiki zai kai ka Ingila da iyalinka, kana tambaya ko lasisinka zai yi aiki a can, kuma ko bambancin ya wuce na bin hannun hagu. Allah ya sa a je a sa'a. Na yi tuƙi a ƙasashen biyu, kuma a ganina canjin hannun da kowa ke tsoro shi ne mafi sauƙi a ciki.

Mu ma hagu muke bi a da, gadon Turawan mulkin mallaka, sai ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma dama don ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Chadi. A Ingila sitiyari yana dama, giya kuma da hannun hagu za ka sa ta, amma totur da birki da kuloci suna inda ka san su. Cikin 'yan kwanaki jiki ke sabawa. Inda tsohon sabo ke dawowa shi ne lokacin da titi ya zama wayam: ka fito daga gidan mai da asuba, ba mota a gabanka da za ka bi, sai hannu ya kai ka dama ba ka sani ba. Shataletale ma a juye yake. A gida wanda ya taso ta hagunka ake ba hanya, a can ta damanka za ka duba, kuma idan akwai mota a ciki, tsayawa za ka yi, ba kutsa kai kaɗan-kaɗan ba.

Lasisin Najeriya zai yi maka wata 12 daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Ba ya cikin waɗanda hukumar lasisin tuƙi ta can, DVLA, ke musanyawa kai tsaye, don haka sai ka nemi lasisin koyo, ka ci jarrabawar tambayoyi 50 da ake son ka samu 43, da ta hango haɗari a bidiyo, sannan ta tuƙi wadda ke ɗaukar kamar minti 40. Don Allah kada ka jira wata na goma. Samun ranar jarrabawa kan ɗauki watanni, kuma idan wa'adin ya cika ba ka ci ba, ka koma ɗan koyo: ba za ka fita ba sai da mai lasisi zaune a gefenka. Ka biya malamin tuƙi ko da darasi kaɗan ne, ba don ba ka iya ba, sai don abin da suke dubawa daban ne, musamman yawan kallon madubi. In ka yi jarrabawar da mota mai giya da kanta, lasisinka a nan ya tsaya, ba ka da izinin tuƙa mai kuloci.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. A titin Najeriya da mutane kake mu'amala. Ka haɗa ido da mai tifa, ka ɗaga wa mai adaidaita hannu, ka ɗan taɓa hon don wanda ke gaba ya san kana nan. Harshe ne da duk muke ji, kuma ba na raina shi, don yana tseratar da rayuka a inda babu danja babu layi a titi. Matsalar ita ce alamun suna nan a Ingila, ma'anarsu ce ta juya. A gida idan mai zuwa ya haska maka fitila, cewa yake yi ga ni nan tafe, kada ka shigo. A can yawanci nufinsa bismillah, wuce, ko da yake kundin dokokin hanyarsu bai amince da wannan ma'anar ba, don haka sai ka duba da idonka kafin ka shiga. Hon da muke yi kamar sallama, su faɗa ne a kunnensu. Doka ta hana busa shi a cikin gari daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7 na safe, ta kuma hana busa shi mota na tsaye sai in akwai haɗari. Kunna sigina biyu don nuna za ka miƙe a mahaɗa, kamar yadda wasunmu ke yi, can ba wanda zai gane, za a ɗauka motarka ta lalace.

Mai tafiya a ƙasa kuwa, a gida shi ke jiran mota. A Ingila in ya sa ƙafa a layin tsallaka mai fari da baƙi, dole ka tsaya, kuma tun gyaran da aka yi wa kundin a Janairun 2022 ana so ka ba shi hanya ko a bakin kwanar da za ka shiga. Mai keke kuma ka bar masa tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi idan za ka wuce shi.

Allon gudu da mil yake, ba kilomita ba. Cikin gari 30, wato kilomita 48, unguwanni da yawa ma 20; babbar hanya 70, kusan kilomita 113. Na gida bai yi nisa da wannan ba, 50 a gari, 100 a babban titi ga motar gida. Hukuncin ne ya bambanta. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, da aka kafa a 1988, da jami'i a bakin titi take kama mai laifi, mutum ne da za ka yi wa bayani. A Ingila kyamara ce ke ɗaukar lambarka, takarda ta same ka a gida, babu wanda za ka ba haƙuri. Mafi ƙarancin tarar gudu fam 100 ne da makin laifi 3 a lasisi. Riƙe waya a hannu fam 200 da maki 6, ko da kana tsaye a danja. Maki 12 cikin shekara uku na jawo dakatarwa, sabon direba kuwa maki 6 cikin shekara biyun farko sun isa a soke lasisinsa. Ka ga ke nan amsa kira ɗaya ya isa ya mayar da kai layin jarrabawa.

Inshora ce ke kama mutanenmu da yawa, saboda halin kirki ma. Mu mun saba ɗan'uwa ya ce ara min mota ka miƙa masa makulli, tunda takardar ta motar ce. A can inshora tana bin sunan direba. Wanda ba ya cikinta in ya tuƙa, fam 300 ne da maki 6, 'yan sanda na iya kwace motar, kai da ka ba shi ma ka yi laifi. Motar da ta kai shekara uku sai an yi mata gwajin lafiya na MOT duk shekara. Tunda da yara za ka tafi, kowane yaro sai da kujerarsa ta musamman har ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135, ba a rungumar jariri a cinya. Abin kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku da ake tambayar mu a shinge, can ba dole ba ne, amma ni ina ajiye su a but.

In lokacin dawowa ya yi, kada ka yi sha'awar turo motarka gida. Dokar Najeriya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, kuma juya sitiyarin a gareji aiki ne da ya taɓa birki da wayoyin mota, ban ba ka shawarar ɗora iyalinka a kansa ba. Ka sayar da ita a can.