Gargaɗi ga masu neman jirgin ruwa na hannu: ku kula da mai tallan “jirgin Bature”

Jama'ar Garwa, Lagdo, Maga har zuwa Kusiri, akwai wani talla da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp, ina roƙon duk wanda ya ci karo da shi ya riƙe kuɗinsa. Hoton wani jirgin ruwa ne fari tas mai kujerun fata, da wani ƙarfe kamar baka a samansa. Mai tallan yana cewa na wani Bature ne da ya gama aiki a Kiribi, garin bakin teku a kudancin Kamaru, zai koma gida, shi ya sa ake neman a rabu da shi da gaggawa a kan sefa miliyan 4. Ɗan maƙwabcinmu, yaron da ya yi shekaru yana tara kuɗin acaba don ya samu jirgin ɗaukar masu yawon Sallah a tafkin Lagdo, ya riga ya faɗa hannunsa.

Ga yadda mutumin yake aiki. Da fari baki ne mai daɗi, “ɗan'uwa” a kowace jimla, yana haɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci don ka saki jiki. Sai ya ce wani Alhaji daga Njamena ya taya, amma shi ya fi so ya sayar maka, don haka ka tura kafin alƙalami jaka 300 a ajiye maka. Ka tura, kwana biyu sai a ce jirgin yana cikin kwantena a tashar Duwala, saura kuɗin duwan, wato kwastan. Jirgin da aka ce Bature yana hawa a Kiribi, me ya mai da shi kwantena? Wanda ya riga ya zuba kuɗi ba ya son yin wannan tambayar. Bayan duwan sai kuɗin tirela, bayan tirela sai a bugo da tsakar dare a ce an tare mota a Ngaundere. Kowane biya da sabuwar lambar waya, kuma sunan da ke fitowa lokacin tura kuɗin daban yake da na baya. Ranar da yaron ya ce zai shiga mota ya same su a Ngaundere, ranar layin ya mutu.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin wannan jirgi, wanda kamfanoni kamar Malibu, MasterCraft da Nautique suke ƙerawa a Amurka, na wasan jan mutum ne a kan allo. Ƙarfen nan na sama wurin ɗaura igiya ne. Ko tsohonsa, idan ka haɗa kuɗin saye da na jirgin dakon kaya da na duwan da na hanya daga Duwala zuwa arewa, ba mai ba ka shi a wannan farashin.

To a ce ma jirgin gaskiya ne, an kawo maka har ƙofar gida. Me za ka yi da shi? Injinsa a cikin ciki yake, irin na babbar mota mai silinda 8, ƙarfinsa ya haura doki 300, yana iya shan lita 20 ko fiye a awa guda in ana ja da shi. An yi masa tankuna da ake cikawa da ruwa don ya ƙara nauyi ya tayar da babbar igiyar ruwa a bayansa, abin da masu wasan suke nema ke nan. A Lagdo kuwa, inda masunta suke da kwale-kwale da raga ko'ina tun da aka gama madatsar a 1982, wannan igiyar ruwan rigima za ta jawo maka da mutanen da za ka zauna da su kullum. Farfelarsa a ƙarƙashin jirgi take, a kafe, ba a ɗaga ta. Da rani in ruwa ya ja baya, yashi ɗaya ko ragar wani ta isa ta lanƙwasa sandar da ke juya farfelar. Sannan injin zamani mai kwamfuta ba ya jure man kwalba na bakin titi, zuwa-zuwan nan da kowa ya sani, in an samu ruwa ko datti a ciki. In wani abu ya lalace, sai ka jira kaya daga waje, jirgi yana kwance yana shan rana.

Mai ƙaramin jari da zai fara, a ganina, jirgin faiba ko na katako da injin rataye ya fi masa, irin Yamaha Enduro doki 25 ko 40 da masu jigila suka saba da shi. Ana ɗaga shi in ruwa ya yi ƙasa, ana cire shi a kai gida da dare, kuma bakanike na bakin ruwa ya san cikinsa.

Sai dai nan ma akwai masu cuta, kuma tasu ta fi wuyar ganewa domin kayan yana gabanka. Suna ɗauko injin da ya gaji su fesa masa fenti, su manna sababbin takardun suna, wani lokaci ma injin kwaikwayo ne aka yi masa rigar na asali. Fara duba ɗan farantin lambar inji da ke jikin maƙalin da ake ɗaure shi da jirgi. In an cire shi ko an kankare, ka tafi abinka, mai yiwuwa na sata ne, kuma ranar da mai shi ya gane kayansa kai za a kama. Ka je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin ka ji da sanyi, domin injin da aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye wahalar tashi. Kada ka yarda a tayar maka da shi a tudu ba ruwa, robar famfon da ke sanyaya shi tana ƙonewa nan take. A cikin ruwa za a tayar, ka sa ido a kan siririn ruwan nan da ke tsartuwa ta baya. In yana fita da ƙarfi, famfo lafiya lau. In ɗiga yake yi ko babu, inji zai yi zafi a tsakiyar tafki.

Ka sa bakanikenka, wanda kai ka zo da shi, ya kwance ƙusar man giya da ke ƙasa kusa da farfela. Man kirki yana fita garau ko baƙi-baƙi. Wanda ruwa ya shiga fari yake fitowa kamar shayi da madara, wani sa'in har da ɓarɓashin ƙarfe a bakin ƙusar. Ya cire fulogi ya auna ƙarfin matsin kowace silinda, in ɗaya ta yi ƙasa sosai da 'yar'uwarta, aikin ringi ko fistin na jiranka. Shi kuma jirgin, ka ƙwanƙwasa allon baya inda inji ke rataye. A jiragen faiba da yawa katako ne a ciki, in ya ruɓe za ka ji sautin ya mutu, in ka danna ƙafar injin kuma za ka ga allon yana motsi. Bayan duk wannan ku shiga ruwa da mutane daidai yawan da kake niyyar ɗauka, a buɗe wuta na ɗan lokaci. In mai kayan ya ce ba man gwaji, ka saya masa man.

In kuwa har ranka ya biya da jirgin da ke nesa, ka nemi a kira ka ta bidiyo kai tsaye, a nuna maka lambar jikinsa. Jiragen Amurka suna da lamba mai harufa da alƙaluma 12 a allon baya ta hannun dama can sama, biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. Mai kwantenar gaskiya yana da lambarta, harufa 4 da alƙaluma 7, kuma ana iya bin sawunta a shafin kamfanin dakon. Hoton tallan ma ka sa shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Na wannan mutumin, in ka kalli bayan jirgin da kyau, itatuwan ƙasar sanyi ne a bakin ruwan.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya goge komai don kunya. Ya adana saƙonnin, da muryoyin, da shaidar kowane biya mai ɗauke da lamba da suna, ya sanar da kamfanin wayar da ya tura ta hannunsu, sannan ya kai ƙara wurin jandarma ko 'yan sanda. Sashe na 318 na dokar hukunta laifuffuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 a kan zamba, kuma ANTIC, hukumar fasahar sadarwa ta Kamaru, tana karɓar ƙorafin damfarar intanet. In wani ya bugo daga baya ya ce shi jami'i ne, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya na buɗe fayil, shi ma ka haɗa lambarsa cikin ƙarar.