Canon IXUS 185: ɗaukar hoto daban, fito da shi daban

Ta hannu na sayi kyamarar nan, saboda wayata da zarar na jawo abu mai nisa sai hoton ya yi dishi-dishi. Canon IXUS 185 ce, wadda ta fito a 2017, megafiksel 20, tana jawo abu har ninki 8, ga ta ƙarama tana shigewa aljihun kaftani. Hoton rana kam ba ni da ta cewa. Abin da ya ci mini lokaci shi ne inda hotunan ke zama da yadda ake kwaso su.

Ba ta da ma'ajiya a cikinta. In ba katin ajiya, wato memori, ba hoto. Tana karɓar kati irin SD, SDHC da SDXC, kuma a nawa lissafin hoto ɗaya mai cikakken girma yana cin wajen MB 5, wato katin GB 32 zai ɗauki sama da dubu biyar. Ya ishi kowa. Amma ni da son banza, sai na sayi mai GB 64 a wata rumfar kayan waya, a farashin da ya kamata ya sa in tsaya in yi tunani. Wata uku yana aiki lafiya lau, ina ta tara hotunan suna da ɗaurin aure da 'yan bidiyoyi. Ranar Hawan Daushe na tsaya a Ƙofar Kudu tun kafin la'asar, na ɗauki mahaya da 'yan sulke da masu jahi har batir ya kusa mutuwa. Da dare na zauna dubawa, sai ga rabin hoton toka-toka, wasu ma sun ƙi buɗuwa sam. Na ɗora wa kyamarar laifi, har na fara tunanin sayar da ita. Wani abokina mai gyaran kwamfuta ya gwada katin, ya yi dariya ya ce, "Malam, GB 8 ne aka sa wa rigar 64." Ashe ana sauya bayanan irin waɗannan katunan su riƙa faɗin girman ƙarya; da ka wuce ainihin cikinsu, duk abin da ka ƙara ya tafi. Hotunan hawan nan har yau ba su dawo ba. Kyamarar ba ruwanta. Tun da na sa mata kati na gaske mai GB 32, ko hoto ɗaya bai sake lalacewa ba.

Wajen turawa, ba ta da Wi-Fi; 'yar'uwarta IXUS 190 ce ke da shi. Kafar da ke jikinta ta mini USB ce, irin tsohuwar nan mai kauri, kebul ɗin waya ba ya shiga. Kuma ba ta caji ta nan, sai an ciro batirin an sa a cajarsa. Ka ga in ka jona ta da kwamfuta, batirinta take ci, a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama. Sau biyu na yi haka na haƙura.

Yanzu ɗan abin karanta kati nake amfani da shi, mai bakin USB-C, wanda bai fi girman ɗan yatsa ba. In ciro katin, in soka a waya, in buɗe foldar DCIM inda hotunan suke, in kwafa. Kwafa nake yi, ba yankewa ba, kuma sai na buɗe hotuna kaɗan a wayar na tabbatar sun shiga kafin in yi wa katin fomat, wato in goge shi tas, a cikin kyamarar, ba a waya ba. Akwai wani ɗan makulli a gefen katin da kan zame ƙasa wajen sokawa da cirewa. Ranar da ya fara yi mini haka kyamarar ta ƙi ɗauka, na yi minti goma ina salati kafin in gano shi ne.

Masu biki kuma kullum gaggawa suke, "Yaya, turo mana yanzu." Idan na tura a WhatsApp a matsayin hoto, ana matse shi ya ragu, ya isa dai a kalla a waya. Wanda za a wanke a sa a firam kuwa a matsayin fayil nake tura shi, ko da datata ce za ta ji a jikinta.