Dukushi mai sakakkun jijiyoyi: ɗauri ko motsa jiki?

Wani dukushin yakan zo duniya jijiyoyin bayan ƙafarsa a sake, musamman ƙafafun baya. Gaɓar da ke saman kofato ta sauko har tana neman taɓa ƙasa, bakin kofaton ya ɗaga sama, yana takawa da diddige. Mai goɗiya na ganin haka, abin da ke fara zuwa masa shi ne ya sa kara ya ɗaure tamau.

A nan ɗauri ɓarna yake yi. Jijiyar da aka tallafe ta daina aiki, sai ta ƙara saki, ga gyambon da bandeji ke bari a fatar jariri. Ɗauri na da amfani ne a kishiyar matsalar, wato inda jijiya ta ɗage ƙafa ta ƙi miƙewa, shi ma a hannun likitan dabbobi.

Ni na fi amincewa da motsa jiki kaɗan-kaɗan: a bar shi ya bi uwarsa cikin ƙaramin fili mai taushin ƙasa, a mayar da shi barga kafin ya gaji. Yawanci cikin 'yan kwanaki zuwa mako 2 ƙafar ke miƙewa. Idan sakin ya yi yawa, ana manna ɗan tallafi a kofato ya zarce ta baya, a rufe diddige da ƙyalle mara nauyi don kada ya goge.

Bakwaini kuwa a yi masa hoton ƙashi tukuna, domin ƙasusuwan gwiwarsa ba lallai sun gama ƙwari ba, yawo zai iya murƙushe su.